Karfatar Mai Gonar Rogo

Sai da muka wuce Kwantagora sannan cikina ya fara gaya mini na yi nisa da gida. Itatuwa suka fara haɗa kai a saman hanya, sama ta ƙanƙance. Mu a Boɗinga in ka tsaya bakin gonarka kana hango mai keke tun yana ɗan ɗigo, har ka gane ko wane ne kafin ya iso. Can kuwa sai mutum ya kusa taka ka sannan ka gan shi.

Ni ba maharbi ba ne, kada a ɗauka. Albasa nake nomawa a fadama, kuma in ba kasuwar Shagari ba, ba na son abin da zai hana ni cin tuwon gidana. Wana ne maharbi, Yaya Garba. Tun muna yara yake bin barewa, har gonaki suka cinye dajin wajenmu, ta zama sai labari. Shekarun da ya yi yana tayar da bindigar toka a gefen kunnensa su suka tafi da jinsa. Kowa a gida ya san ba ya ji sai an ɗaga murya, shi kaɗai ne bai yarda ba. In ka yi magana bai kama ba sai ya yi dariya ya ce, "Haka na, haka na," ko da gaisuwar mutuwa kake yi masa.

To da abokinsa Ɗan Ige na Lambara ya kawo labarin wani dajin gwamnati a jihar Neja da ake barin maharba su shiga da rani, matar Yaya, Hajo, ta same ni har fadama. Ta ce, "Mudi, wanka ba ya ji, kai ma ka sani. Bi shi ka zame mai kunne. Ni ba nama nika so ba, shi za ka maido man." Abin da ya sa ni a bayan motar kaya ke nan, ina zaune a kan buhun albasar da muka ɗauko don gaisuwa, ina tunanin wa zai yi mini ban ruwa.

A wani ɗan gari na bakin hanya muka sauka, inda wani Labaran yake jiran mu. Shi ne mutumin Ɗan Ige a can, mai babur, mai bakin zuma. Kafin mu sauke kaya ya kira Yaya da Sarkin Dawa ya fi a ƙirga. Mun shiga wata rumfa cin abinci, su suna hirar barewa, ni kuwa kunnena yana bencin baya. Wasu mutane biyu ne ke magana ƙasa-ƙasa.

"An ce har yanzu ba a sako ta ba."

"Ina fa. A gona suka ɗauke ta, tsakar rana."

Da suka ji Yaya ya ɗaga murya yana cewa, "Mi kac ce, Ɗan Ige?" sai suka yi tsit. Ɗaya ya juyo ya dube mu, ya dubi dogon abin da muka naɗe cikin tabarma, ya tashi bai gama cin abincinsa ba.

Na ja Labaran gefe na gaya masa abin da na ji. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Mudi, kai dai ka cika tsoro. Wancan ƙauye ne daban."

Matar da ke sayar da abincin ce ta ɗan sanyaya mini rai. Ta ga ina juya sakwara a kwano na rasa ta inda zan kama ta, sai ta shiga ciki ta fito da ɗumamen tuwon dawa na 'ya'yanta ta ajiye mini. Ta ce, "Basakkwace, ci wannan, kada ka mutu mana a nan." Na tambaye ta kuɗinsa ta yi kamar ba ta ji ba.

Mu a wajenmu maharbi ba ya shiga dajin wani gari sai ya gaida mai gari da sarkin maharbansa, a san fuskarsa. Yaya ya dage sai mun je da ƙafarmu ƙauyen da ke bakin dajin. Labaran ya ce mai garin ba shi da lafiya, ba ya ganin baƙi, amma shi ɗan gida ne, a ba shi albasar da goron ya kai. Ya ɗaura buhu a babur ya tafi, ya dawo da yamma yana washe baki, wai mai gari ya sa albarka, 'yan banga ma an gaya musu. Abu ɗaya ya ce mu kiyaye: akwai rafi, wannan gefen dajin gwamnati ne, wancan gefen gonakin mutane. Ya kai mu inda za mu yi sansani ya ce zai riƙa leƙo mu. Ganinmu da shi na ƙarshe ke nan.

Dajin nan bai karɓe ni ba, ni ma ban karɓe shi ba. Waya ba ta kamawa ko ka hau bishiya. Babu kiran salla, babu kukan jaki, babu ƙarar dakan mata, sai wasu tsuntsaye da ban san sunansu ba, da wani ɗan ƙuda mai cizo kamar allura. Ko gabas sai mun yi gardama kafin mu tayar da salla. Ina kwance a kan ganye ina ganin ƙwaryar furar gidana a ido. Ɗan Ige ya riƙa tsokana ta, wai an kawo amarya daji.

Aikina shi ne in bi bayan Yaya taku da taku. In na ji motsi sai in taɓa kafaɗarsa ta wajen da motsin yake. Ba mu taɓa yin wannan shawarar da baki ba. Ranar farko da na taɓa shi ya harare ni, amma ya juya wajen. Idonsa kuwa yana nan kamar na shaho. Zai dubi ƙasa inda ni ban ga komai ba ya ce, "Nan tab bi, da ɗanta."

Wata safiya na je ɗibar ruwa a rafin, na tarar da mata a wancan gefen suna wanki. Na yi musu sallama da fara'ata. Wallahi ko amsawa ba su yi ba, suka watsar da kwanoni da zannuwa suka ruga, ɗaya har da faɗuwa. Na tsaya da jarka a hannu ina kallon su. In da mai gari ya san da mu, ai matan garinsa ba za su gan ni su gudu haka ba.

Na dawo na ce mu tattara mu bar wurin nan. Ɗan Ige ya ce, "Yo kai in mata sunka gan ka da wanga gemu ba su gudu?" Na matsa kusa da kunnen Yaya na maimaita masa. Ya ji sarai. Ya ce, "Mu koma Boɗinga hannu sake? Hajo ta yi man dariya? Bari in samu guda, sai mu tahi."

Ya same ta kuwa, da hantsi, kwana biyu bayan nan. Irin barewar can ce, babba, ja mai zane-zanen fari a haƙarƙari, wadda suke kira mazo. Ni na fara jin karyewar kara, na taɓa shi ta hagu. Ya durƙusa a hankali, bakinsa yana motsi da bisimilla, sai ji na yi daram, hayaƙi ya rufe mu. Da ya washe babu barewa, sai jini a kan ganye.

Muka bi jinin. Yana gaba da sauri kamar ba dattijo ba, ina baya ƙaya tana yagar mini wando. Can sai na ga jinin ya gangara rafi ya haura wancan gefe.

Na riƙe masa riga. Na ce da ƙarfi, "Yaya, iyaka ta! Labaran ya ce kak mu ƙetare!"

Ya fizge rigarsa. "Ni ban taɓa barin dabba da harbina ta mutu mushe ba. Jini nika bi, ba gonar wani ba."

Haka ake yi a gida, gaskiyarsa. Wanda ya fitar da jini yana bin abinsa duk inda ya shiga, ba mai tare shi. Ya tsallaka, na bi shi ina salati.

A tsakiyar wata gonar rogo muka same ta kwance tana numfashi sama-sama. Ya juya ta gabas ya yanka. Na daɗe ban ga fuskar Yaya haka ba, kamar an mayar masa da shekara ashirin. Ya shafa wuyanta ya ce, "Tahi ka kira Ɗan Ige, mu biyu ba mu iya ɗaukar ta."

Na ce ba zan bar shi ba. Ya ce, "Mudi, ni ag gaba ko kai?" Na ce to ya zauna nan kada ya motsa. Ya ce, "Haka na, haka na." Ban sani ba ko ya ji.

Ban kai rafi ba na ji usur. Da farko na ce tsuntsu ne, sai wani ya amsa daga can gefe, sannan aka fara dukan ƙarfe, kwal-kwal-kwal ba tsayawa, daga wajen ƙauyen. Sun ji harbin. Na juya da gudu.

Barewa tana nan inda na bar ta, Yaya ba ya nan. Da na duba sai na ga an cire ƙafar gaba ta dama tun daga kafaɗa. Nan take na san inda ya nufa. A wajenmu in dabba ta faɗi a gonar mutum, karfata tasa ce, wato wannan ƙafar gaban, kuma maharbi da kansa yake kai ta har ƙofar gida tun jinin bai bushe ba. Aika yaro ma raini ne. Yaya ya tafi neman mai gona ya ba shi haƙƙinsa.

Na bi 'yar hanyar da ta fita daga gonar. Ban taɓa gudu irin wannan ba, takalmi ɗaya ya fita ban waiwaye shi ba. Da na fito fili sai ga shi can gabana, yana tafiyarsa ta ƙasaita, bindiga a kafaɗa, wuƙa a ƙugu, gaban rigarsa jina-jina, karfata a hannu. Gaba da shi kuma, bakin gari, mutane ne cike, 'yan banga a sahun farko sun ɗaga bindigogi.

"Tsaya nan! Ajiye bindigar!"

"Ka tsaya ko mu harbe ka!"

Shi kuwa ganin jama'a sai ya ƙara sauri, ya ɗaga karfatar sama yana kwaɗa sallama da wannan babbar muryar ta wanda ba ya jin kansa. "Salamu alaikum! Ina mai gonar rogo?"

Na ji ƙarar ɗana kunamar bindiga. Wannan ƙarar ko cikin barci na san ta.

Na buɗe baki na faɗi kalmar da ba a taɓa faɗa a gidanmu ba. "Kurma ne! Kurma ne, ba ya ji! Don Allah kada ku harba!" Na iso ta bayansa na rungume shi muka faɗi tare, na zare bindigar na yi jifa da ita. Wan da ko inuwarsa ba na takawa, yau ni na kayar da shi a gaban mutane. Yana ƙasa yana cewa, "Mudi, ka haukace?"

Kafin in ba shi amsa sun rufe mu. Na kwanta a kansa, sanduna suka sauka a bayana. Aka ja mu gindin wani mangwaro aka ɗaure mana hannu ta baya. Ina ta magana, ban san ma abin da nake faɗa ba, mu maharba ne, daga Boɗinga muke, a tambayi mai gari, mun aiko da gaisuwa. Maganar tawa ce ma ta ƙara ɓata abin.

"Kun ji harshensu ko? Irin maganar masu satar mutanen ke nan."

"Ina sauranku? Ku nawa ne a dajin?"

"Wannan jinin na wane ne?"

Wani dogo, idonsa jajir, ya durƙusa gaban Yaya ya riƙe masa wuyan riga. Ya ce, "Ina matata? Ina kuka kai ta?" Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa. Na roƙi Allah a zuciyata kada ya ce haka na. Na yi sauri na ce, "Bawan Allah, bai ji ka ba. Ni ka tambaya."

Daga baya cikin taron na ji wani ya ce, ba da ƙarfi ba, "A kawo fetur." Wani ya ce a jira mai gari. Na farkon ya ce jiran me. Can na ga jarka tana tahowa hannu zuwa hannu. Na tuna Hajo a bakin fadamata. Na matsa na sa jikina tsakanin Yaya da wajen, don kada ya gani.

Sai wani tsoho ya ratso mutane, gajere, da 'yar taguwa mai layu, yana dogara sanda. Ba wanda ya gaya mini, amma yadda 'yan banga suka buɗa masa na san sarkin maharbansu ne. Bai dube mu ba. Ya je ya ɗauki bindigar Yaya ya shinshina bakinta, ya zura ɗan kara ciki ya ga babu komai. Sannan ya sunkuya ya ɗauki karfatar daga cikin ƙasa, duk an tattake ta. Ya juya ta, ya bi gaɓar da yatsa inda wuƙa ta bi.

Ya ce da ni, "Wa ya cire wannan?"

Na nuna Yaya da haɓa.

"Ina zai kai ta?"

"Wa mai gona, Baba. A gonarsa ta faɗi. Haka muke yi a gida."

Tsohon ya miƙe tsaye. Sannan ya juya ya yi wa mutanen magana da yarensu, doguwa, yana ɗaga karfatar. Ban ji ko kalma ba, amma na ji yadda hayaniyar take sauka. Ya ƙarasa da Hausa, ina jin don mu ji ne: "Mu ma haka iyayenmu suke yi, ku ne ba ku tarar ba. A je a dubo gonar. In babu dabba, ni zan ba ku ashana."

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Rana ta dawo kanmu, igiya ta ci mini hannu, mai jarka bai ajiye ta ba. Ina ta lissafin abin da zai iya faruwa: ko wani ya riga su ya ɗauke barewar, ko su bi wata gonar daban, ko su ci karo da Ɗan Ige da tasa bindigar. Yaya ya sunkuyo ya ce, a ganinsa a hankali, alhali kowa na ji, "Mi sunka ce?" Na ce masa a kunne, "Mai gona suka nema." Ya gyaɗa kai.

Sai ga su sun dawo, barewa rataye a sanda, Ɗan Ige a tsakiyarsu ba hula, yana ta rantse-rantse. Mai gari ma ya iso, lafiyarsa ƙalau. Ya ce shi bai ga albasa ba, bai ga goro ba, bai taɓa jin sunan wani Labaran ba.

Aka kwance mu. Mai gari ya ce bindigogi za su zauna wurinsa, mu kuma kada la'asar ta same mu a ƙasarsa, don ba zai iya riƙe mutane sau biyu ba. Ɗan Ige ya buɗe baki, na take masa ƙafa.

Yaya ko bindigarsa bai waiwaya ba. Ya karɓi karfatar daga hannun tsohon, ya kakkaɓe ƙasar da gefen rigarsa, ya ce, "To wane na mai gonar?"

Ashe dogon nan ne mai jajayen ido. A wannan gonar rogon aka ɗauke matarsa. Yaya ya je gabansa ya miƙa masa da hannu biyu. Mutumin ya dubi naman ya ce, "Ni zan ci nama tana can?" Na je kunnen Yaya na gaya masa komai game da matar, wannan karon ban rage ba. Sannan ya ajiye karfatar a kan ganye a gaban mutumin ya ce, "Haƙƙinka na, ko ka ci ko ka bari. Allah shi maido maka ita." Mutumin dai bai ture ta ba.

Sauran naman muka bar wa tsohon ya raba. Wata tsohuwa ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ta ga ƙafata ɗaya ba takalmi tana jini, ta tuɓe nata silifa ta tura mini da ƙafa, ta juya ta tafi. 'Yan banga suka raka mu har titi, suka tsayar mana da motar gawayi mai zuwa Kwantagora.

Muna bisa buhuna, iska tana dukan mu, bayana yana zafi kamar an zuba barkono, sai Yaya ya jawo ni kusa.

"Mudi, lokacin da munka zamna gindin mangwaro, mi mutanen nan ka hwaɗi?"

Na sa baki a kunnensa na ce, "Gardama suka yi kan wa za a ba naman."

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Kunne nir rasa, Mudi, ba ido ba. Na ga jarka. Na ga kuma wanda yat tare ta da jikinai."

Ya kama wuyan hannuna, daidai inda igiya ta ci, ya riƙe. Yana yi mini zafi, amma ban ce ya saki ba, shi ma bai saki ba har muka shiga Kwantagora.